Da Sauƙi, In Ji Kafinta

Tun da hantsi suke zaune a sashen gaggawa na asibiti, kafinta da hannun da zarto ya yanka naɗe cikin tawul, maƙwabciyarsa malamar makaranta tana gefensa. An auna jininsa da zafin jikinsa, aka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Sai aka ce ya jira, don a nan ba layi ake bi ba, wanda ya fi jin jiki ake fara gani.

Mutum huɗu aka shigar kafin shi. Malamar ta dubi tawul ɗin da jini ya rine, ta dubi gumin goshinsa.

"Da sauƙi," ta maimaita a hankali. "Haka ka yi min ranar da na ce wani ya je wurin Baba neman aurena. Ka ce Allah ya sanya alheri."

"To me zan ce, Malama? Ya fi ni komai."

"Ni na ce ya fi ka? Mai ɓoye ciwonsa ai shi ya hana kansa magani."

Kafintan ya gyara riƙon tawul ɗin. Da nas ta zo wucewa, ya ce, "Sista, ɗazu ban faɗi gaskiya ba. Yana min ciwo sosai." Amma ba nas ɗin yake kallo ba.

Nas ta buɗe tawul, ta ce ya taso yanzu.

"Je ka a ɗinke maka," in ji malamar. "Ban ba Baba amsa ba tukuna."