Babban Inji a Siririn Jirgi

Ranar Talata ce, ƙarshen damina, gari a lumshe, kogi ya cika ya batse. Wani mai fito ya shiga kasuwar Yawuri neman inji. Jirginsa na katako ne, siriri, gadon ubansa. Da shi yake ƙetarar da mutanen ƙauyensu da kayansu, da shi yake ciyar da gida. Abin da ke ci masa rai shi ne maƙwabcinsa mai babban jirgi, wanda in ya tayar da injinsa har matan da ke wanki a bakin ruwa sai sun ɗaga kai. A kasuwar nan kuwa ba a kogi ake gwada inji ba. A cikin durom ake tsoma shi, a cika da ruwa, a ja igiya. Aka tayar da ƙarami mai ƙarfin doki goma sha biyar, ya yi ta gurnaninsa a hankali, ba wanda ya waiga. Aka tayar da mai doki arba'in, ruwa ya yi tsiri ya jiƙa masu kallo, aka sa ihu. Mai sayarwa ya ce, "Maigida, wannan ai na manya ne." Bai tambayi girman jirgin ba, shi ma mai saye bai faɗa ba. Da aka sauke babban injin da ya saya a ƙauye, wansa ya zagaya shi sau ɗaya, ya tofar da yawu, ya ce, "Ƙanena, bijimi ka ɗaure da igiyar akuya." Ya ce, "Yaya, kai dai ka tsufa da filafili a hannu."

Aka ɗaura inji. Nauyinsa ya danne gindin jirgi, goshi ya ɗaga sama kamar agwagwa mai shan ruwa. Maimakon ya mayar da shi, sai ya cika buhu biyu da yashi ya jibge a gaba don jirgin ya daidaita. Wurin da zai ɗauki kayan mutane, yashi ya zaune shi. Jijjiga ta shiga ƙusoshi, audugar da aka toshe tsakanin katako da ita ta fara zubewa, kullum sai an kwashe ruwa da ƙwarya kafin a isa ƙetare. Ya gani sarai, ya kau da kai. Ran nan ya yi lodin shinkafar mutanen gari, sabon girbi, noman shekara guda, masu ita ma suka shiga jirgin. A tsakiyar kogi babban jirgin nan ya zo wucewa, matuƙinsa ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Zuciya ta ɗebe shi, ya murɗe mai har ƙarshe. Tsohon katakon da ke riƙe da injin ya yi ƙara ɗaya ya ɓalle. Inji ya tafi ƙasa da katakonsa, ruwa ya shigo ta baya, jirgi ya bi su. Ba a rasa rai ba, don babban jirgin ya juyo ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa dai kifi ya ci. Masu ita ba su zage shi ba. Sun sauka a gaɓa, sun matse rigunansu, sun wuce ba wanda ya dube shi.

Washegari da safe ya gangara bakin ruwa, ya naɗa gammo, ya shiga cikin 'yan dako masu ɗora kaya a jirgin maƙwabcin nasa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.