Ta Ɗaya a Aji Huɗu

Ranar da za a ba mu hutun Kirsimeti a firamarenmu ta Katolika da ke Kakuri, kyandir uku ke ci a kan teburin Madam Laraba. Na huɗun sai ranar Lahadi za a kunna shi, ta ƙarshe a makonnin jiran haihuwar Yesu. Sojoji sun sauka daga mulki, manya na cewa an huta, sai ga rikici ya ɓarke a gari wata guda kafin hutun. Bencin da muke matsuwa mu huɗu ya koma mu biyu.

Tun daga aji ɗaya Rifkatu ke zuwa ta ɗaya, ni ta biyu, kuma abin na ci mini rai. Ranar da rikicin ya fara an aike ta ƙetaren gada wurin gwaggonta. Ba ta dawo ba.

Madam ta ɗauko katunan sakamako. Ko duba na saman ba ta yi ba, ta ce, "Ta ɗaya, Rifkatu."

Ba abin da nake ji sai warin kyandir. Ta dubi katin, ta daɗe, sannan ta kira sunana.

"Zo ki karɓa, 'yata. Ku tafa mata mana."

Aka tafa sama-sama.

Na sha durƙusawa gaban Fada ina furta zunubaina, amma har yau ban iya gaya masa wannan ba. Da katin ya shiga hannuna, daɗi na ji.