Ruwan Kan Gada

Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Tsohon direba na zaune a gefen 'yarsa tana tuƙi.

"Rage gudu, uwata, ki kunna fitilu. Kada ki shiga ruwan da ba ki ga ƙasansa ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ransa ya sosu. Yau shi ake yi wa kunnen uwar shegu?

Daf da gada ta gangara gefe ta tsaya.

"Mama, me muke jira?" in ji jikarsa daga baya.

"Jira muke ruwan kan gada ya janye. A nan ya tafi da kakanki bara. Cewa ya yi ya san hanya."

Tsoho ya yunƙura zai musa, sai ya ji bakinsa cike da yashi.