Ba Kai Ya Ciza Ba

Har yau in na ji warin man kaɗe, wuyan karen nan nake gani. Baba ya karɓo shi daga hannun wani mai rumbun albasa a Yelwa, ƙaton kare, sarƙa ta ci masa wuya har tsoka. Da filafilin tuƙa jirgin ruwa mutumin yake dukansa, wai don ya yi zafi, amma ni ba a gaya mini ba. Baba ya yi ta shafa masa man kaɗe yana ba shi kawunan kifi, maƙwabta na cewa ya kori mala'iku daga gidansa.

Rannan da la'asar, a bakin ruwa bayan gidanmu, Baba ya kwance sarƙar. Karen ya tako a hankali ya kwanta kusa da ƙafata. Murna ta kama ni, na ce bari mu shiga jirgi da shi, na ɗaga filafili zan saɓa a kafaɗa. Ban ga tashinsa ba, sai haƙora a damtsena.

Inna ta fito da ihu: "Malam, ko shi ko mu a gidan nan!"

Baba ya yagi gefen rigarsa ya ɗaure mini hannu, ya ce, "Ba kai ya ciza ba, ɗana. Wancan mutumin ya ciza."

Sannan ya durƙusa ya mayar da sarƙar daidai kan tabon da ya sha wahalar warkarwa. Karen bai ja da baya ba, da kansa ya miƙo wuyan.

Tabona ya shafe tuntuni. Yadda ya miƙo wuyan nan ne ya ƙi barina.