Injin Sanyin Ɗakin Jarirai

Karo na uku ke nan injiniyar tana gwada ginin a kwamfuta, ɗakin jarirai kuma ya sake fitowa ja wur, alamar zafi ya yi yawa.

Asibitin bai wuce tushe ba, amma a kwamfutarta an gama shi tsaf, da tagoginsa da ranar da ke dukansa. Inji ɗaya ne zai zauna a kan rufi, yana raba sanyi ta bututu, kowane ɗaki gwargwadon buƙatarsa. Injin da mai kamfani ya riga ya sayo ya yi kaɗan. Idan zafi ya tsananta, ɗakin da ke ƙarshen bututun ne zai rasa, kuma nan za a kwantar da jarirai.

Mai kamfani ya tsaya a kanta yana huci.

"Rage mutanen da kika zuba a cikin lissafin. Ki ce ana sakin labule da rana."

"Ranka ya daɗe, jariri ne zai tashi ya saki labulen?"

Akawu ya ƙunshe dariya, ya duƙufa kan aikinsa. Babu wanda ya taɓa mayar wa mutumin nan magana a ofishin. Ita kaɗai ce kuma mai lasisin sa hannu a kamfanin, in ba ta sa ba, ba a ɗaura ko bututu ɗaya.

"Kin manta wanda ya biya miki kuɗin karatun nan?"

"Ban manta ba. Shi ya sa ba zan yi ƙarya da shi ba."

"To ki sa hannu, ko ki ajiye mini makullin ofis!"

Ta zare makullin, ta ajiye a gabansa a hankali. Ta bar kwamfutar a kunne, jan ɗakin yana kallonsa, ta ɗauki jakarta. Ta sauka daga matakala, ba ta waiwaya ba.

Tana bakin titi tana jiran motar haya, rana na gasa ta, sai ga motar mai kamfani ta tsaya. Ya sauke gilashi, ya ƙi haɗa ido da 'yar tasa.

"Shiga mu tafi gida, mai taurin kai. Amma ke za ki gaya wa uwarki na kore ki, ni ba zan iya ba."