Fara Mai Maiƙo

Tun da aka kawo feshin da ke hana ƙwari yin ƙwai, gero ya wadata a garinmu. Doka ɗaya ce: gonar da aka yi wa feshin aka kafa wa jar tuta, ba a cin farar cikinta.

Ni kuwa can nake kamo tawa da asuba, lokacin da raɓa ta danne mata fiffike. Farar da ba ta ƙwai ta fi maiƙo, har layi ake yi a gaban kaskona.

Yau Ramlatu, matar ɗan ƙanena, ta tsaya da katin asibiti a hannu. Shekararta biyar da aure.

"Gwaggo, a zuba min, a cika yaji."

"Me likita ya ce?"

"Wai lafiyata ƙalau, in ƙara haƙuri. Ni dai in ba fararki ba, ba abin da ke min daɗi a baki."

Tanko wanzami ya wuce yana tallan albasa. Rabon da a kira shi askin suna a unguwarmu, shekara uku ke nan.

"Ta ƙare, 'yar nan," na ce.

Ta dubi kaskon. Cike yake fal.