Ka Gorio Mai Sanin Shekarun Wuƙa

"Wai shi wannan mutumin, dole sai ya rufe ido zai gane shekarun wuƙa?"

Direban wani baƙo ne ya tambayi Aling Sion, tsohuwar da ke soya ayaba a ƙofar gida. Belen tana bayan taga tana tace kofi, ta ji amsar.

"Iyayi ne kawai, ɗana. Mutanen Manila ba sa sakin hannu sai an yi musu wasan kwaikwayo."

Belen ba ta ga laifin tsohuwar ba. Shekara biyu ke nan tana auren Gorio, Ka Gorio a bakin masu girmama shi, wanda duk garin Taal aka san shi da tsofaffin wuƙaƙe, irin masu maɓallin nan da ake dannawa kaifi ya yi tsalle ya fito, waɗanda sojojin ruwan Amurka suka bari a ƙasar. Masu hali suna tara su kamar zinariya. Mutum da furfurarsa zai baro ofis ya sha tafiya, don kawai a gaya masa ƙarfen da ko albasa bai taɓa yankawa da shi ba ya girme shi.

Da can Gorio mutum ne. Yakan goya ta a babur su je bakin tafki cin gasasshen kifi. Bana ya sayar da babur ɗin, wai mai ya yi tsada. Ya daina zuwa coci, wai wa'azin limamin cocin ya cika tsawo. Ta gusar da kujera ɗaya don ta yi shara, ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta yanke gashinta da ke taɓa ƙugu, ya zauna a gabanta ya cinye shinkafarsa bai ko lura ba. Tun ranar jakarta take ɗaure a ƙarƙashin gado. Wulaƙanci ɗaya take jira ya ƙara mata, ta koma gidan uwarta a Lemery.

Ta kai kofin falo. Baƙon, wani Lauya Samonte, mai zobe a kowane yatsa, yana warware wuƙar daga cikin ƙyalle kamar mai sauya wa jariri kaya. Gorio kuwa ya kishingiɗa, ido a rufe, ya miƙa tafin hannu sai ka ce shi ake bi bashin gaisuwa.

Ya shinshina ƙotar. Ya kai ta kusa da kunne ya danna. Ƙas! Kaifi ya fito. Ya bi gefenta da babban yatsa, ya sa farce ya ɗaga wani ɗan harshe, ta naɗe.

"Ƙaho ne, ba roba ba. Ka ga sai da farce take rufuwa? Daga baya maƙeran Italiya sun daina yin haka. Wannan ta riga ka zuwa duniya, Lauya, ko da yake ta fi ka kyan jiki."

Lauya ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "To tambarin fa, Ka Gorio? An ce na jabu ma suna da shi. Buɗe idon nan ka duba mana."

"Ni? Karatun tambari ai aikin yara ne. Belen! Zo ki karanta wa Lauya, mu ga ko aji shidan da uwarki ta sha wahala a kai ya yi rana."

Belen ta matso. Ta karɓi wuƙar da hannu biyu, ta sunkuya kan ƙananan haruffan da ke gindin kaifi, tana fitar da su ɗaya-ɗaya. Ta yi tuntuɓe a na huɗu. Lauya ya kau da kai yana danne dariya.

"Ci gaba, Malama," in ji Gorio. "Harafin ƙarshe, a tsaye yake ko ya karkace?"

"Ya ɗan karkace."

"Ya nutse sosai ko sama-sama?"

"Ya nutse."

"Ka ji ko. Bugun hannu ne. Ta gaske ce, ƙirar shekarun 1950. Mayar da ita ƙyallenta kada ta yi mura."

Lauya ya miƙe yana washe baki. "Ka yi sa'ar mata, ba ta da surutu."

"Ba surutu, ba karatu. Haka na same ta."

Belen ba ta jira ƙarshen dariyar ba. Ta shige ɗaki, ta jawo jakar, ta zauna bakin gado har ta ji motar ta tashi. Sannan ta fito, takalman fita a hannu ɗaya, jaka a ɗayan, da tafiyarta irin ta kullum da ko katakon daɓe ba ya jin ta.

Ta tsaya a gabansa, taku biyu tsakaninsu. Tana shirin fara maganar da ta haɗa a ɗaki.

Gorio ya buɗe idanunsa. Ya sauke su a kanta, daidai kan jakar. Ta jira baƙar magana.

Sai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya share zufar goshinsa. Fuskar ta saki, ba sauran izza a cikinta, kamar ta wanda ya tsallake rijiya da baya. Ya juya kai wajen madafi, ya ɗaga murya.

"Belen! Kina can? In kin gama, zo ki zauna kusa da ni kaɗan."

Ta ɗaga takalman ta kaɗa su a gaban fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ta ja da baya a hankali, taku-taku, har madafi. Ta tura jakar bayan buhun shinkafa, ta amsa daga can: "Ina zuwa!"

Ko uwarta ba za ta ji daga bakinta ba cewa Ka Gorio ya daina gani.